Farin Layi da Dakalin Kwana a Tseren Formula 1

Tambaya: Assalamu alaikum. A gidan kallo a Agege nake bin Formula 1. Direba zai yi zagaye mafi sauri, bai bugi kowa ba, sai a ce an soke lokacinsa. Ina laifinsa? (Daga wani direban tirela, Agege)

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Laifinsa fita daga hanya. A dokar FIA, hukumar da ke kula da tseren, farin layin da ke gefe yana cikin hanya, amma dakalin nan mai fentin ja da fari da ke bayansa ba ya ciki. Muddin ko da bakin taya ɗaya na kan layin, babu laifi. Tayoyi huɗu suka tsallake, an fita.

Kai da ke jan tirela ka san idan ka buɗa kwana ba sai ka danne birki sosai ba. Haka abin yake a can: wanda ya ci ɗan fili a wajen layi zai fito da gudu fiye da abokan karawarsa, ya kuma riƙe gudun har ƙarshen miƙaƙƙiyar hanya. A ranar neman gurbin tashi, soke zagayen ake yi nan take. A ranar tsere ana ƙirgawa: karo na uku a ɗaga masa tutar gargaɗi mai baƙi da fari, na huɗu a ƙara masa daƙiƙa 5.

Sai dai mu yi wa direbobin adalci. Kusan a kwance suke cikin motar, manyan tayoyin gaba sun tare musu gani, ga gudu sama da kilomita 200 a awa a wasu kwanonin. A Ostiriya a 2023, sai da aka duba abin da ya haura 1,200 na zargin fita daga layi, akasari a kwana ta 9 da ta 10, sakamako bai tabbata ba sai bayan awanni, har direba Carlos Sainz ya sauko daga na 4 zuwa na 6. Wannan a ganinmu gazawar filin ce kafin ta zama ta direba. A 2024 aka zuba tsakuwa mai faɗin mita 2.5 a bayan dakalin kwanonin biyu, aka bar tazara tsakanin farin layi da tsakuwar da ba ta kai faɗin mota ba, wanda mita 2 ne a lokacin. Duk wanda ya wuce gona da iri, tsakuwa ce ke cinye masa gudu tun kafin alƙalai su buɗe baki, kuma rigimar ta ragu ƙwarai.

Tambaya: Me zai hana a yi musu tudu irin na rage gudu da muke da shi a titunan unguwa, kowa ya shiga taitayinsa? (Daga wata malamar makaranta, Idi-Araba)

Amsa: Malama, an gwada, kuma mutane sun ji jiki. Ana kafa wani dogon tudu mai kama da tsiran Turawa a bayan dakali. Motar tsere kuwa cikinta dab da ƙasa yake, ga shi a shafe kamar faranti. Idan ta kufce ta hau tudun, ba taya ce ke fara dukansa ba, cikin motar ne. Hanci ya ɗaga, iska ta shiga ƙarƙashi, birki da sitiyari su zama banza tunda tayoyi ba sa ƙasa. A Monza ta Italiya a 2019, motar Alex Peroni ta Formula 3 (ajin da ke ƙasa da Formula 1) ta hau irin wannan tudu ta tashi sama ta wuntsula ta faɗa kan shinge, ya karye a ƙashin baya. Wata direba, Abbie Eaton, ma ƙashin baya ta karya a kan irin wannan tudu a Austin ta Amurka a 2021. Mu dai ba mu goyon bayan wannan tudu a kwanar da ake shiga da gudu.

Tsakuwar ma tana da nata cikas: tayoyi na watso ta kan kwalta, kuma filaye da dama da masu tseren babur ake raba su, su kuma sun fi son kwalta dab da dakali.

Tambaya: Sana'ata faci. Wai da gaske dakali na iya kashe taya ba tare da ta yi faci ba? (Daga Mile 12)

Amsa: Da gaske ne, ɗan'uwa. A Lusail ta Katar a 2023, dakalin yana da haƙora masu tsini, tsayinsu milimita 50. Da injiniyoyin Pirelli, kamfanin da ke yin tayoyin tseren, suka yanka tayoyin da suka yi zagaye kusan 20, sai suka ga robar gefen taya ta fara rabuwa da zaruruwan ciki, saboda dukan da take sha akai-akai a kan tsinin. Daga waje taya lafiya lau, irin wadda ke zuwa maka daga baya da ƙullutu a gefe bayan ta sha ramuka. Aka matso da farin layi ciki santimita 80 a kwana ta 12 da ta 13, aka kuma hana kowace taya wuce zagaye 18. Tseren zagaye 57 ne, don haka dole kowa ya tsaya canjin taya sau uku. Kafin tseren 2024 aka goge tsinin haƙoran.