Gadon da ya miƙe da tafiya

Ka tambaye ni, ɗana, me ya sa na maido maka da shafinka alhali mafarki ka zana, mafarki kuwa a cewarka ba shi da ƙa'ida. Jawo kujera. Hannunka ya faɗa, ba shi ne matsalar ba. Matsalar gidajen zanen da ka tsaga ne, wato akwatunan da suka raba shafin, goma sha biyu daidai wa daida kamar kiret ɗin ƙwai, sannan ka cusa mafarkin yaron a ciki ya rasa wurin numfashi.

Dubi wannan shafin da na lika a bango. Aikin Winsor McCay ne, Ba'amurke, wanda ya fara zana labarin wani yaro, Little Nemo, a jaridar New York Herald a watan Oktoba 1905, duk Lahadi shafi guda cur, da launi. Yaro ne ke mafarki, sarkin ƙasar barci yana aikowa a kai shi ya yi wasa da 'yarsa. A gidan ƙarshe kullum sai ya farka, sau da yawa ya faɗo daga gado.

Wannan na 1908 ne. Sa yatsanka nan. Gadon Nemo ya fara tsawon ƙafa, ya fice daga gida, yana tsallake rufin gidaje. Lura da abin da McCay ya yi: ƙafafun na ƙara tsawo, gidajen zanen ma suna ƙara tsawo, har idonka ya riƙa hawa tare da gadon. Ƙafar ta harɗe a hasumiyar coci, yaron ya rikito, sai ga shi a ɗan ƙaramin gida can ƙasan kusurwa, ya farka. Na fi shekara ashirin ina kallon shafin nan, har yau cikina yana ɗaurewa a wurin faɗuwar.

Ga abu na biyu. Ƙirga tagogin benayen nan. Kowace tana kan layinta, na nesa sun ƙanƙance daidai gwargwado. Saboda garin ya tsaya da gaskiyarsa ne mutum ke yarda gado na tafiya. Kai kuwa ka karkatar da komai, bango da ƙofa da yaron, to me zai ba mai kallo mamaki?

Rubutunsa kaɗai kada ka kwaikwaya, yana cunkushe magana har ta yi wuyar karantawa.

Ɗauki rula da fensir. Fara da gidan farkawar, ka yi shi ƙarami, sannan ka raba sauran takardar. Kada ka taɓa tawada sai na gani.