Tayar da ta dace da a-kori-kura mai jan tanki

Ɗana, ka tambaye ni dalilin da ya sa na hana a ɗaura wa Hilux ɗin manomin nan tayoyin da ya zo da su, alhali sababbi ne fil, kuma girmansu ɗaya da waɗanda muka kwance, dukansu an rubuta musu 265/65R17. Tambayarka tana kan hanya, domin galibin masu zuwa shago girman taya suke dubawa, daga nan sai farashi. To amma motar nan tanki take ja mai cin lita 2,000 na ruwa daga gari zuwa gona, ga buhunan taki a bodi, ga ma'aikata a ciki, kuma duk motar da ke irin wannan aiki abin da ake fara lissafawa a kanta shi ne nauyin da zai sauka a kan tayoyin baya.

Ɗauki alli mu yi lissafin tare. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, saboda haka ruwan kaɗai kilo 2,000 ne, idan kuma ka haɗa da tankin da ƙarfen tirelar da yake kai, mu ƙaddara kilo 500, abin da ake ja ya zama kilo 2,500. Tirelar da aka yi wa lodi daidai takan sauke kusan kashi goma cikin ɗari na nauyinta a kan ƙugiyar mota, wato kilo 250. Sai dai ƙugiyar tana can bayan aksul da tazarar fiye da mita ɗaya, don haka idan aka danna ta, gaban motar yakan ɗan ɗaga, nauyin da gaban ya rage kuma ya koma baya, har kilo 250 ɗin nan ya zama kusan 350 a kan aksul ɗin baya. Ƙara buhu goma na taki masu kilo 50, kilo 500 ke nan, kusan dukansa a baya yake zaune. Mu ce bayan motar ba kaya yana da kilo 900, mutanen da ke kujerar baya kuma sun ƙara masa 150. Jimla ta kama kilo 1,900 a kan tayoyi biyu, kowace tana ɗauke da 950, kuma wannan a tsaye ke nan, kafin a faɗa rami ko a sha kwana nauyin ya karkata gefe guda.

Yanzu koma ga jikin tayar da ya kawo. Bayan girman za ka ga an rubuta 112 tare da harafi. Lambar nan ita ce ta nauyi, kuma tana da jadawali wanda duk kamfanonin taya suka yi tarayya a kansa: 108 kilo 1,000 ce, 110 kilo 1,060, 112 kilo 1,120, 120 kilo 1,400, 121 kuma kilo 1,450. Ina so ka haddace waɗannan, domin su ne za ka fi cin karo da su a motocin aiki. Da ganin farko sai ka ce 1,120 ta fi 950, babu matsala. Amma tayar tasa ta motar hawa ce, kuma ƙa'idar da ake bi a Amurka ita ce, idan za a sa irinta a a-kori-kura, a raba ƙarfinta da 1.1, saboda motar tana da tsayi kuma takan daɗe tana tafiya da cikakken lodi. Idan ka raba, abin da ya rage bai wuce kilo 1,018 ba. Rarar kilo saba'in ɗin da ke tsakani buhu biyu ko uku ne kawai za su cinye ta, kuma ban taɓa ganin manomin da yake tsayawa a buhu goma ba idan akwai sauran fili a bodi.

Tayar da na ce ya nemo ita ce wadda aka fara rubutunta da LT, wato LT265/65R17, mai lambar nauyi 120/117. Girmanta ɗaya da ta farko, rim ɗinsa za ta hau, amma an ƙera jikinta don ɗaukar kaya. Lamba ta farko, 120, ita ce ta motar da ke da taya ɗaya a kowane gefe, ta biyun kuma ta motocin da ake jera wa tayoyi bibbiyu a baya ce, don haka mu ta farkon ta shafe mu. Tayoyin da ke bin tsarin Turai harafin C suke sawa a ƙarshen girman, kamar 205R16C da ke zuwa a Hilux na aiki, mai lamba 110/108. Land Cruiser mai bodi kuma an daɗe ana sa mata 7.50R16. Za ka kuma ji masu saye suna cewa a ba su mai filai takwas ko mai filai goma, abin da ake rubutawa 8PR ko 10PR. A zamanin da ake yin taya da zaren auduga, adadin shimfiɗun ake ƙirgawa da gaske, amma yanzu da ake amfani da wayar ƙarfe da zare mai ƙwari, lambar tana nuna mizanin ƙarfi ne kawai. Mai filai shida takan ɗauki iska har psi 50 (psi shi ne ma'aunin ƙarfin iskar da ke cikin taya), mai takwas 65, mai goma kuma 80.

A kan iskar nan nake so ka fi natsuwa, domin a nan ne har waɗanda suka sayi taya mai kyau suke yin asara. Iskar da ke ciki ita ke ɗauke da kayan, robar da wayoyin aikinsu su riƙe iskar. Kilo 1,400 da lamba 120 take nufi ba ya samuwa sai an cika tayar zuwa psi 80. Idan ka ɗaura tayar LT ka buga mata 30 ko 32 kamar yadda aka rubuta a jikin ƙofar direba don tayar asali, to abin da za ta iya ɗauka a wannan iskar bai ma kai na tayar motar hawan da ka cire ba. Mutum ya kashe kuɗi mai yawa, kuma ya koma baya. Ga lodin da muka lissafa, tayoyin baya suna bukatar wajen psi 50, kuma kowane babban kamfanin taya yana da jadawalin da ke nuna iskar da ta dace da kowane nauyi, shi za ka duba maimakon ka yi kirdado. Haka kuma ba daidai ba ne a cika ta 80 kullum, domin ranar da motar take wayam za ta riƙa tsalle a kan burji, tsakiyar tayar ya riga gefunan cinyewa, birki kuma ya rage kamu.

Abin da ke faruwa idan iska ta yi kaɗan shi ne, gefen tayar yana lanƙwashewa a ƙasa ya sake miƙewa a kowane juyi. Ka san yadda waya take yin zafi a hannunka idan ka yi ta lanƙwasa ta kana miƙewa har ta karye. Abin da ke gudana ke nan a cikin tayar, sau ɗaruruwa a kowane minti. Ka haɗa wannan da kwaltar Kano zuwa Maiduguri a watan Afrilu, lokacin da zafin iska kansa yake haura digiri 40, sai robar ta fara rabuwa da wayar daga ciki ba tare da an ga komai a waje ba. Idan aka kawo maka fasasshiyar taya, kwance ta ka leƙa ciki: in ka ga baƙin garin roba ya taru, ga kuma wani layi da ya zagaye gefen kamar an goge shi da dutse, to ba ƙusa ce ta kashe ta ba, an yi tafiya da ita ne cikin ƙarancin iska. Shi ya sa ake auna iska da safe kafin mota ta motsa. Idan direba ya tsaya maka da rana tsaka ya ce geji ya hau, a rage masa, kada ka yarda, domin hawan na zafi ne, kuma in ka sace iskar, da tayar ta huce za ta koma ƙasa da inda ya kamata.

Akwai kuma amfanin kaurin gefen taya da ba ya fitowa a lissafi. Tankin da bai cika ba ruwansa yana kai-kawo, yana tura tirelar hagu da dama, tirelar kuma tana jan bayan motar. Taya mai laushin gefe takan bi wannan jan, sai direba ya ji motar tana kaɗa wutsiya, musamman idan babbar mota ta gifta shi. Mai kaurin gefe takan tsaya da ƙafarta, ko da yake ba za ta gyara lodin da aka tara a bayan tirela ba.

Kafin ka buga iska mai yawa, duba bawul da rim. Bawul ɗin roba na yau da kullum iyakarsa psi 65, don haka in za a wuce nan sai an sa wanda aka yi don iska mai ƙarfi, kuma shi ma rim yana da nasa iyakar nauyi da ta iska. Ka kuma gaya wa mai mota gaskiya ko da ba zai ji daɗi ba: taya mai ƙarfi ba ta ƙara wa aksul da sifirin da birki ƙarfi. Iyakar abin da aksul ɗin baya zai ɗauka tana cikin littafin motar, a wasu motocin kuma a kan ɗan farantin da ke jikinsu, kuma kilo 1,900 ɗin da muka samu ya isa a je a duba. Akwai samfurin Hilux da aka amince ya ja har kilo 3,500, amma da sharaɗin tirelar tana da birkin kanta. Wadda ba ta da birki iyakarta kilo 750, kuma yawancin waɗanda masu walda suke haɗawa a nan ba su da shi.

Batun zane ba shi da wuya. Mai H/T ta kwalta ce, ba ta ƙara kuma ba ta cin mai sosai. Mai M/T, mai manyan haƙora, ta taɓo ce. Matasa suna son ta don kwalliya, amma a doguwar kwalta da lodi tana yin zafi, tana kuka, kuma haƙoran suna motsi a ƙarƙashin nauyi. Motar da take raba tafiyarta tsakanin kwalta da hanyar gona A/T ce tata. Harafin da ke bayan lambar nauyi na gudu ne, Q kilomita 160 a awa, R 170, S 180, kuma mai jan tanki ba shi da abin yi kusa da ko ɗaya daga cikinsu. Wanda ya ce a ƙara masa girma zuwa 265/70R17 don motar ta yi tsayi, ka sanar da shi cewa tayar ta fi ta asali da kusan milimita 26 a tsaye, abin da zai sa motar ta ƙara jin nauyi wajen tashi, kuloci ya sha wahala a hawa, agogon gudu kuma ya riƙa nuna ƙasa da ainihin gudun da ake yi da kusan kashi uku cikin ɗari.

Sai shekaru. Tun da Michelin da Dunlop suka daina ƙera taya a Nijeriya wajen 2007 da 2008, kusan duk abin da muke ɗaurawa daga waje yake zuwa, kuma wata tayar takan daɗe a jirgi da sito kafin ta iso hannunmu. Nemi inda aka rubuta DOT, ka karanta lambobi huɗu na ƙarshe: 3523 na nufin mako na 35 na shekarar 2023. Michelin kansa yana cewa a riƙa duba taya kowace shekara idan ta kai biyar, kuma kada ta wuce goma ko da zanenta bai taɓu ba. A zafinmu, kuma ga motar ja, ni ba na jira ta kai can. Tayar gwanjo kuwa, wadda dokar kwastam ta ma hana shigo da ita, ba na sa ta a motar da ke jan kaya ko da mai ita ya rantse ya ɗauki alhakin. Da yawansu an yi su ne don sanyin Turai, za ka gane su da hoton dutse mai kai uku da ƙanƙara a ciki, kuma robarsu mai laushi ce da ba ta jure kwaltarmu. Wasu kuma, har da sababbi, cusa su ake yi cikin juna don a rage kuɗin kwantena, sai wayar bakin ta lanƙwashe. Shafa bakin da hannunka ka zagaye shi, in ka ji tudu ko lotsawa ka mayar. Araha ba ta ado, balle a ƙarƙashin tan biyu da rabi na ruwa da ƙarfe.

Da yake motar mai jan ƙafa huɗu ce, a canza huɗun gaba ɗaya, iri ɗaya, girma ɗaya, domin idan tsayinsu ya bambanta aka sa giyar ƙafa huɗu, kayan cikin ne za su biya bashin. Wanda aljihunsa bai kai ba ya sayi biyu ya sa a baya, amma kada a haɗa LT da ta motar hawa a aksul ɗaya. Safaya ma ta zama mai lambar nauyi ɗaya da sauran, tun da in ta tashi aiki lodin nan dai za ta tarar. Ka leƙa tayoyin tirelar su ma, domin a can ake jefa duk sudaddiyar tayar da aka cire daga mota, alhali su ne ke ɗauke da fiye da kilo 2,000. Duk wadda zanenta ya sauka daidai da ɗan tudun da ke cikin kwarin, wato milimita 1.6, ta gama aiki. Idan manomin ya kawo tayoyin gobe, ka sa sababbin bawul, ka yi balansin, ka ɗaure notuna a gicciye, ka rubuta masa iskar gaba da ta baya a takarda, ta ranar lodi daban ta ranar da babu kaya daban, sannan ka ce masa ya biyo ta nan bayan ya yi kilomita 50 zuwa 100 a sake bin notunan.