Wasan zobe da waya: me ya sa ƙwan ke ƙonewa, buzar kuma ba ta ƙara?

Tambaya: Na lanƙwasa waya a siffar dagin Arewa na kafa a kan katako. Mai wasa zai bi ta da zobe, in ya taɓa, ƙwan LED ya kama, buza ta yi ƙara. Batir mai bolt 9 nake sa wa. Ƙwai biyu sun ƙone, buzar kuma sai ta yi "ƙis" ta yi shiru. Ina matsalar?

Amsa: Ƙwan ya ƙone ne don ka ba shi wuta kai tsaye. Jan LED bolt 2 kawai yake ci, kuma bai kamata ya wuce miliyamfiya 20 ba. Sauran bolt 7 ɗin rizisto, wato ɗan abin da ke rage ƙarfin wuta, shi zai ɗauke su: 7 a raba da 0.02 (miliyamfiya 20 ke nan a amfiya) ya ba da om 350. Sayi mai om 470, ƙwan zai fi daɗewa, hasken kuma ya isa. Doguwar ƙafar ƙwan ita ke fuskantar +.

Buza iri biyu ce. Akwai wadda ke ƙara da kanta da zarar ta samu wuta, akwai wadda sai an tura mata sigina. Taka ta biyun ce. Sayi irin ta farkon, ka gwada ta a kan batir tun a shago, kuma ka duba cewa tana ɗaukar bolt 9.

Haɗin kuwa: + na batir zuwa + na buza, rizisto da ƙwan a jere suna gefenta. Ɗaya ƙarshensu ya tafi wayar dagin, zoben kuma ya koma − na batir ta waya mai laushi. Taɓawar zoben ita ce makunnin.

Ga inda aka fi shan wahala: wayar rewayin, wato wadda ake naɗin fanka ko mota da ita, tana da fenti siriri da ido ba ya gani, wuta ba ta bi. Ko ka goge ta da sanfefa, ko ka feɗe wayar wayarin gida mai kaurin 2.5, ta fi riƙe siffa. Inda wayar ta gitta kanta, bar tazarar da zoben zai wuce.

Taɓawar ƙiftawar ido takan wuce ba a lura ba, sai gardama ta tashi. Sa kafasita, wato abin da ke ajiye wuta na ɗan lokaci, mai maikurofarad 1000, bolt 16, a gefen buzar. Ƙara da haske za su ɗan ja kafin su mutu. Ƙafar da ke gefen zanen jikin kafasitar ita ce −. In ka juya ta, za ta kumbura, tana iya fashewa.

Ka naɗe farko da ƙarshen wayar da salatif, wurin ajiye zobe.