Laifin me Wesley Crusher ya yi? Amsa ga ƙanwarmu ta Marwa

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ƙanwarmu da ke karatu a Marwa ta ce ta fara kallon shirin talabijin na tafiyar sararin samaniya mai suna Star Trek: The Next Generation, Wesley Crusher ne ya fi burge ta, amma duk inda ta leƙa a intanet zaginsa ake yi, shi ne take tambaya me yaron ya yi wa mutane. Na ga wani ya amsa mata da cewa rashin kunya gare shi, wani kuma ya ce hassada ce kawai. Kowace amsa da ɗan gaskiyarta, sai dai maganar ta fi haka tsawo. Ni mai gyaran rediyo da talabijin ne a nan Garwa. Na fara kallon shirin nan a faya-fayan da 'yan kasuwa ke shigo da su daga Yola, daga baya na maimaita shi da Faransanci tare da yaran shagona, kuma mun sha musu a kan yaron nan. Ƙanwata, ki yi haƙuri, dole zan buɗe miki wasu abubuwan da ba ki kai gare su ba.

An fara nuna shirin a Amurka a 1987, aka gama a 1994, zango 7, kashi 178. Wesley ɗan shekara 15 ne a farko, ɗan likitar kumbon Enterprise, Beverly Crusher. Mahaifinsa Jack ya mutu a bakin aiki a ƙarƙashin Kyaftin Picard, wanda shi ke jagorantar Enterprise a shirin, saboda haka akwai wani nauyi tsakanin kyaftin ɗin da maraya. Da a nan marubuta suka tsaya suka gina labarin, da babu wanda zai ƙi yaron. Maraya mai ƙwaƙwalwa, yana neman uba a wajen mutumin da ya faɗa da bakinsa tun kashi na farko cewa ba ya sakewa da yara: wa zai ƙi tausaya masa?

Matsalar ta fara ne tun kashin da ke bin na farko, The Naked Now. Wata cuta ta shiga kumbon tana sa mutane su zama kamar bugaggu. Wesley ya ɗauko wata na'ura da ya haɗa wadda ke kwaikwayon muryar Picard, ya yaudari shugabar injiniyoyi ta bar ɗakin inji, ya toshe ƙofa ya naɗa kansa mai kumbo. Mataimakin injiniya kuma ya zare ƙananan faranta da ke sarrafa inji ya zauna a ƙasa yana wasa da su, ga wani ɓalli na tauraro ya nufo su gadan-gadan. A ƙarshe wa ya samo dabara? Wesley. Ya juya na'urar janyo abu ta koma mai turawa, suka samu 'yan daƙiƙun da Data, mutum-mutumin kumbon, ke buƙata ya mayar da faranta. Injiniyar, wadda aikinta ke nan, ta ce haɗa irin wannan sai an yi makonni. Yaron ya nuna mata cewa shi a kansa kawai yake ganin tsarin. To ki duba, shi ya jefa mutum sama da 1,000 cikin haɗari, shi kuma aka tafa wa.

Abin da ya fi ɓata wa 'yan kallo rai ke nan, kuma an yi ta maimaita shi a zangon farko. Duk lokacin da za a nuna basirar Wesley, sai an fara mayar da manya sakarkaru. Enterprise fa ita ce kumbon da ake ji da ita a rundunar, an ce mana zaƙaƙurai ne aka tsince aka zuba a ciki. Akwai Data, mutum-mutumin da ke lissafi kafin ƙiftawar ido. Akwai Riker, akwai Geordi. Amma a kashin The Battle yaro ne ya leƙa hoton ƙwaƙwalwar Picard ya gano alaƙarsa da saƙon da ke fitowa daga kumbon wasu baƙin halittu da ake kira Ferengi, abin da likita ba ta gani ba, har yana yi wa manya ɗan tsaki bayan sun fita. Mai kallo ya zo ne don ya ga gwanaye suna aikinsu. Idan aka zubar masa da mutuncin mutum shida don a ɗaga ɗaya, a kan ɗayan nan zai huce haushinsa.

Sai maganar matsayi, wadda ni ta fi damuna. A kashin Where No One Has Gone Before wani baƙon halitta da ake kira Traveler ya ja Picard gefe ya ce masa yaron nan irin Mozart ne, wanda ya yi fice a kiɗa tun yana ƙarami, sai dai baiwarsa ta lokaci ce da makamashi da tafiyar inji. Kafin kashin ya ƙare an ba shi ƙaramin hafsa na riƙon ƙwarya, ya samu izinin zama a ɗakin tuƙi, wurin da aka ce yara ba sa shiga. Daga baya ma shi ke riƙe da tuƙin kumbon, alhali bai taka makarantar horar da hafsoshi ba. A shagona yaro na fara ne da shara da tsince sukurori da riƙe min fitila. Kafin in miƙa masa ƙarfen narka dalma ya taɓa talabijin ɗin mutane, sai ya ƙona yatsa a kan matattun rediyoyi. Na taɓa samun yaro mai kai irin na Wesley, ɗan wajen Fitowa, wanda ke gane inda wuta ta yanke da kallo kawai. Duk da haka da na tsallake manyan yaran na ɗora shi a kansu, da sun tsane shi, kuma laifin nawa ne, ba nasa ba. Hafsoshi nawa ne a Enterprise suka gama makaranta suna jiran wannan kujera? Shirin bai taɓa nuna mana fuskarsu ba, amma 'yan kallo sun ji musu zafin.

Akwai kuma abin da ya ƙara wa wutar fetur. Cikakken sunan wanda ya ƙirƙiro Star Trek shi ne Eugene Wesley Roddenberry. Da mutane suka lura da sunan, sai suka ce ashe mai gida ne ya zana kansa yana yaro, shi ya sa ba a bari yaron ya faɗi ƙasa. Rigunan sanyi masu launi-launi da aka riƙa sa masa ma ba su taimaka ba, haka kalaman da ake rubuta masa, waɗanda babu ɗan shekara 15 da ke magana irinsu.

Wanda ya ce rashin kunya ne, zan ɗan saɓa masa. Mu a nan mun tashi da cewa abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba, shi ya sa kunnenmu ke saurin jin zafin yaro mai katse manya. Amma Amurkawa ne suka fara ƙinsa, su da ba su da irin tarbiyyarmu, har suka buɗe masa zauren zagi na musamman tun intanet na jaririya. Sannan ki koma kashin Datalore na 1988. Lore, ɗan uwan Data, ya sumar da shi ya sa kayansa ya shiga ɗakin tuƙi. Wesley kaɗai ya gane ba Data ba ne. Ya yi magana, Picard ya daka masa tsawa ya ce ya rufe baki, mahaifiyarsa ma ta maimaita masa haka. Yaron ya ce da babban hafsa ne ya faɗi abin da ya faɗa, da an saurare shi. Kuma gaskiyarsa ce. Ranar da muka kalli kashin nan a shago, manyan da ke zaune a benci suka kwashe da dariya suna cewa madalla, yaran kuwa ko ɗaya bai yi dariya ba. Kowannensu ya taɓa ganin abu daidai aka ce masa ya yi shiru. Ina jin abin da ya ja ki ga Wesley ke nan, ƙanwata, kuma ba ki yi kuskure ba.

Hujjata cewa rubutu ne ya gaza ita ce The First Duty, zango na 5, 1992. Lokacin Wesley ya bar kumbon tun zango na 4, yana makarantar hafsoshi. Shi da abokansa huɗu suka gwada wani wasan jirgi da aka haramta fiye da shekara 100, a kusa da duniyar Saturn mai zobba, jiragen suka yi karo, ɗayansu Joshua Albert ya mutu. Shugabansu Nick Locarno ya sa suka haɗa baki a gaban kwamitin bincike, laifi ya koma kan mamaci. Akwai wurin da mahaifin Joshua ya zo ya kawo wa Wesley rigar sanyin Wesley ɗin da ya tsinta cikin kayan ɗansa, yana ba shi haƙuri wai ɗansa ya ba su kunya. Ki dubi fuskar yaron a wannan lokaci, rigar na hannunsa, ya kasa haɗa ido da dattijon. Picard ya gano gaskiya, ya kira shi ya ce ko ya faɗa ko shi ya faɗa. Wesley ya miƙe bayan an riga an rufe zama ya tona kansa. Aka kori Locarno, shi kuma aka soke masa karatun shekara guda. Ɗan wasan bai canza ba, sunan bai canza ba, amma har waɗanda suka fi ƙinsa suna sa wannan kashi cikin mafiya kyau. An bar shi ya yi laifi na gaske, ya ji kunya ta gaske, ya biya.

Da aka zo wani shirin na Star Trek, Deep Space Nine, a 1993, marubuta sun ɗauki darasi. Jake, ɗan Kwamanda Sisko, yaro ne kamar kowa, ya ma ƙi aikin babansa ya zaɓi rubutu. Abokinsa Nog da ƙyar yake karatu sai da Jake ya koya masa, da ya nemi shiga makarantar hafsoshi kuma Sisko sai da ya gwada shi da ƙirgar kaya a rumbu kafin ya rubuta masa takarda. Daga baya Nog ya rasa ƙafa a yaƙi. Ban taɓa jin wanda ya ce Nog bai cancanci kakinsa ba.

Abin da ba zan taɓa goyon baya ba shi ne yadda aka juye haushin a kan Wil Wheaton, wanda ya fito a Wesley. An haife shi a 1972, wato shi ma yaro ne lokacin, abin da aka rubuta masa yake faɗa. Manyan mutane masu gemu suka riƙa zaginsa, har ya girma ana jifansa da tsawar nan ta Picard kamar abin wasa. Ya fito fili ya yi bayanin fama da ciwon damuwa da ya yi shekaru yana yi. Don Allah a wannan zaure mu raba ɗan wasa da rawar da aka ba shi.

Ki daure da zango na 1, shi ne mafi rauni ga kowa, har Picard ɗin. Ki lura da Coming of Age, inda Wesley ya faɗi jarrabawar shiga makaranta, Picard ya gaya masa shi ma ya faɗi a karonsa na farko. Ki kalli Final Mission, inda suka maƙale a hamada shi da kyaftin ɗin da ya ji rauni. Wanda har yau ban yafe wa marubuta ba shi ne Journey's End na 1994: bayan duk wahalar da aka sha aka mayar da shi mutum, sai Traveler ya dawo ya tafi da shi a matsayin mai baiwar da ta fi ƙarfin lokaci da sarari, kuma a haka ya sake bayyana a shirin Picard a 2022. Ni da na fi son ya maimaita ajinsa, ya gama, ya fara aiki daga ƙasa a wata ƙaramar kumbo. Idan kin kai wurin ki dawo ki faɗa mana naki ra'ayin. Allah ya ba da sa'ar karatu.