Amsar tambayar da aka yi kan injin da ke kwashe tsakuwar layin dogo

Assalamu alaikum jama'a, barkanku da war haka. To Malam, na ga bidiyon da ka turo da tambayarka, wai wane irin jirgi ne wannan da yake tafiya kamar hawainiya yana ta aman ƙura, kuma me ya sa ba za a zuba sabon dutse a kan tsohon kawai a huta ba. Na so in rubuta sai na ga abin zai yi tsawo, shi ya sa na ce bari in yi murya, ku yi haƙuri da ni.

Wancan abin ba jirgin fasinja ba ne ba na kaya ba, injin tace balas ne. Balas shi ne tsakuwar nan da kuke gani an shimfiɗa a ƙarƙashin layi, kuma ba kowane dutse ake zubawa ba fa, dutse ne mai tauri da aka fasa, mai kaifi-kaifi, girmansa kamar santimita 3 zuwa 6, saboda su ciji juna su riƙe silifa, wato katako ko kankaren nan da ƙarfen yake kwance a kai. A ƙarƙashin silifa ana so kaurinsa ya kai wajen santimita 30. Aikinsa ya raba nauyin jirgi ya sauke shi a ƙasa a hankali, ya hana layi gocewa, sannan babba a cikinsu wanda mutane ba sa lura da shi, ya bar ruwa ya wuce. Ramukan da ke tsakanin dutse da dutse su ne rayuwar layin gaba ɗaya.

To yau da gobe sai ramukan nan su toshe. Yawancin mutane sun ɗauka ƙasa ce iska take kawowa, eh akwai wannan, amma mafi yawan dattin daga jikin dutsen kansa yake fitowa, jirgi ya bi ya danne, dutse ya goga da ɗan'uwansa, bakinsa ya karye ya zama gari, shekara da shekaru ana haka. Har injin da mu ma'aikatan layin dogo muke kawowa ya dandaƙe tsakuwa ƙarƙashin silifa don a daidaita layi, shi ma duk zuwan da ya yi sai ya farfasa wasu, ka ga gyaran ma yana da nasa ɓarnar. Sai kuma abin da ke zubowa daga taragu, garin gawayin kwal, yashi, siminti, sai laka da ke tasowa daga ƙasa. A Amurka a shekarar 2005 a jihar Wayomin jirage biyu masu dakon kwal suka kauce daga layi kusa da juna a watan Mayu, kuma garin kwal da ya cika tsakuwa ya haɗu da ruwa yana cikin abin da aka ɗora wa laifi. Abin ba wasa ba ne.

Idan ya toshe ruwa ya kwanta, za ka ga wani abu da mu muke cewa layi yana amai. Jirgi na bi silifa ta nutse ta taso, ta nutse ta taso, tana tsotso taɓo daga ƙasa tana fesowa sama, wurin ya yi fari-fari ko toka-toka idan ya bushe. Duk inda ka ga haka, to ka kawo injin daidaitawa sau goma, sati kaɗan ya sake lotsawa.

Yauwa, nan ne amsar tambayarka ta biyu. Ka zuba sabon dutse a sama, ido zai ga layi ya yi kyau tsaf, amma ai ruɓar tana ƙasa, an yi wa miki fenti ne kawai. Ruwan yana nan kwance, taɓon zai hau ya cinye sabon shi ma. Kuma ba za ka yi ta ɗaga layi sama ba iyaka ba, akwai gada a sama, akwai dandamalin tasha, akwai wayar lantarki a layukan da ke da ita. Dole a shiga ƙarƙashi a fitar da dattin. A ƙa'idar da aka saba, idan garin ya kai kamar kashi 30 cikin ɗari na tsakuwar to lokacin tacewa ya yi, kuma yanzu ba sai an yi ta tona rami ana dubawa ba, akwai na'urar rada da ake ɗaura wa jirgi tana leƙa ƙasa tana nuna inda ya lalace.

Da can da hannu ake yi, leburori da diga da shebur mai yatsu, a kwashe tsakanin silifa a kaɗe a mayar, wallahi aikin karya ƙugu ne kuma ƙarƙashin silifar ma ba a kaiwa sosai.

Shi injin, abin da ya burge ni da shi tun ranar da na fara ganinsa, ba a cire layi. Yana tsaye a kan layin da yake yi wa aiki. Da farko za a tona rami a wuri ɗaya a ƙarƙashin silifa, a zura wani ƙaton ƙarfe a kwance daga wannan gefe zuwa wancan, a haɗa shi da hannaye biyu da suka sauko daga jikin injin, sai a zagayo da sarƙa a ɗaure. Sarƙar nan ba irin wadda ka sani ba ce, kowace gaɓa tana da cebur da farata na ƙarfe mai tauri, tana juyawa tana yagar tsakuwa daga ƙarƙashi tana haurawa da ita sama ta kwararo, a lokaci guda kuma injin ya kama ƙarfen layi ya ɗan ɗaga shi. Sai ka leƙa ka ga silifa suna reto a iska ba komai a ƙarƙashinsu, ga ƙaton inji a kai, ranar farko sai da gabana ya faɗi.

A sama akwai rariya, yawanci hawa uku, tana girgiza da ƙarfi. Manyan duwatsu da suka wuce kima su tsaya a ta sama a fitar da su, gari da ƙananan su zube ta ƙasa, masu kyau na tsakiya su bi bel, wato shimfiɗar nan mai tafiya da ke jan kaya, su koma ƙarƙashin layi nan take a bayan sarƙar. Dattin kuma ko a watsa shi gefe idan akwai fili kuma doka ta yarda, ko a tura shi cikin wasu taragu na musamman masu bel a cikinsu, wannan ya miƙa wa wancan, wancan ya miƙa wa na gaba har su cika. Shi ya sa ka ga abin da tsawo. Wanda Network Rail, masu kula da layin dogo a Birtaniya, suke amfani da shi da taragunsa duka ya kai kusan mita 800. Kamfanin da ya fi suna a wannan harka Plasser & Theurer ne na Ostiriya, tun 1953 suke, su ke yin injinan tacewa irin su RM 80 da RM 900, akwai Matisa na Siwizalan, akwai Loram a Amurka. Manyan suna iya tace ɗaruruwan mita kubik a awa ɗaya, amma tafiyarsu 'yan ɗaruruwan mita ce a awa, ko yaro zai wuce su da ƙafa.

Ba duka ne masu shiga ƙarƙashi ba. Akwai mai tace kafaɗa kawai, wato tsakuwar gefe da gefe daga bakin silifa zuwa waje, yana da manyan ƙafafu masu bokitai suna ɗiba, ya fi sauri sosai kuma ya fi sauƙi, dabarar ita ce a buɗe wa ruwa hanya ya fita. Akwai kuma mai zuƙa, kamar ƙaton injin shara mai tiyo, shi ake kaiwa wurin da sarƙa ba za ta shiga ba, mahaɗar layi, cikin rami, kan gada, ko inda wayoyin sigina suke binne. Don sarƙar nan ba ta san waya ba, ba ta san bututu ba, abin da ta samu ta cinye, shi ya sa kafin dare na aiki sai an bi layin da ƙafa an yi alama.

Amma fa injin yana da lagonsa, ruwa. Idan tsakuwar ta jiƙe ta cakuɗe da yumɓu, rariya toshewa take, dutse ya fito da taɓonsa a jiki ya koma yadda yake. Irin wannan wurin ba a tacewa, kwashewa ake gaba ɗaya a zuba sabo, wani lokaci a shimfiɗa wani yadi mai ƙarfi a ƙasa don ya hana laka tasowa. Idan kuma ya bushe ƙurar ce matsala, ƙurar dutse tana lalata huhu, dole a fesa ruwa kaɗan ma'aikata su sa abin rufe hanci na gaske.

Kuma kar ka ɗauka yana wucewa shi kenan. Abin da aka fitar sai an cike gurbinsa da sabon dutse, injin dandaƙa ya biyo ya daidaita, mai share tsakuwa ya gyara kafaɗa, wani ya zo ya girgiza layin ya zaunar da shi, in ba haka ba a sa wa jirage dokar rage gudu na kwanaki. Lokacin zafi ma an fi tsoro, domin layin da aka yi wa walda dogo idan tsakuwarsa ta saki rana ta buga shi yana iya lanƙwashewa kamar maciji.

Ni abin da yake ba ni haushi, na taɓa aiki a wani wuri da aka kawo injin nan aka yi dare da dare ana tacewa, layi ya fito fes, amma magudanar gefe a toshe take ba wanda ya kula, mun faɗa aka ce ba ya cikin kwangila. Ruwan sama biyu uku wurin ya fara amai kamar ba a taɓa shi ba. Saboda haka Malam in ka sake ganin bidiyon, bar kallon ƙurar, duba gefen layin ka ga ko ruwa yana da inda zai bi. Muryar ta yi tsawo, bari in tsaya haka, wanda bai gane maganar sarƙar ba ya yi magana in zana a takarda in turo.