Ƙwallon balan-balan a tafiya: amsa ga mai tambaya

Malam, tun jiya na ga tambayarka, na bari sai na samu natsuwa don amsar ba ta layi biyu ba ce. Ka ce ku goma sha huɗu ne za ku yi tafiyar kwana huɗu, wani a cikinku ya kawo shawarar a sa ƙwallon balan-balan a jadawali, wato wadda mutum ke shiga cikin ƙatuwar roba mai iska ya buga ƙwallo. Tsoronka kada a kashe kuɗi da yini guda a banza, tunda rabinku ba su taɓa taka leda ba, ga kuma dattijo guda a ayarin.

Sau uku na buga, a tafiye-tafiye uku, kuma a biyu daga ciki ni aka ɗora wa shirin. Shawarata ku yi. Sai dai ka fara cire kalmar ƙwallo daga ranka. Wasan ture ne, an jefa ƙwallo a tsakiya ne kawai don mutane su samu dalilin rugawa da gudu su yi karo. Ko asalinsa ma raha ce. A Norway aka fara shi a 2011, Henrik Elvestad da Johan Golden ne suka nuna shi a shirinsu na talabijin mai suna Golden Goal, daga nan bidiyon ya bazu a intanet. Wanda ya je da nufin nuna gwaninta shi ne zai fi kowa shan wahala, wanda kuma bai iya komai ba shi ne zai dawo masauki yana ba da labari. Don haka waɗannan rabin da kake jin tsoro a kansu, su ne ma dalilin da zai sa ku yi.

Bari in ba ka na farkonmu. Mu goma sha biyu ne, abokan aiki, muka je wani taro a wani gari muka ƙara kwana biyu don shaƙatawa. Akwai wani matashi a cikinmu da ya iya ƙwallo ƙwarai, irin wanda in ya yanke ka sai ka zauna. Tun a mota yake rabon matsayi, wane baya, wane gefe. Aka busa usur, ya karɓi ƙwallo, ya sunkuyar da kai zai duba ƙafarsa kamar yadda ya saba, sai ya tarar babu ƙafar. Robar ta rufe komai. Yana cikin lalube, mai kula mana da lissafi, mutumin da ko matakala ba ya hawa da sauri, ya taho a hankali ya bangaje shi ta gefe. Gwanin namu ya yi adungure sau biyu ya tsaya kai ƙasa, ƙafafu sama suna harbin iska kamar kunkurun da aka kifar. Sai da alƙalin wasa ya zo ya juyo shi. An yi shekaru, har yau in an haɗu sai wani ya tayar da maganar.

Ya kamata ka san yadda cikin abin yake, don bidiyo ba ya nunawa. Robar manya faɗinta kusan mita 1.5 ne, akwai ta yara mai mita 1.2, akwai kuma mai 1.8 ta dogaye. Nauyinta na kai kimanin kilo 10. Akwai rami a tsakiya, ka zura jikinka ta ƙasa, ka rataya maɗauri biyu a kafaɗa kamar jakar goyo, ka kama mariƙi biyu da ke daidai ƙirjinka. Daga kai zuwa cinya kana ciki, ƙafafu ne kaɗai a waje. Hannu kuwa ka manta da shi. Ba ka da abin da za ka ware ka daidaita tafiya, ba ka da abin dafawa in ka faɗi. Abin da ya fara bugun hancina warin roba ne da gumin wanda ya riga ni. Minti biyu da fara gudu, numfashina ya dusashe robar da ke gaban fuskata, mutane suka koma inuwoyi masu launi. Muryoyi na zuwa kamar daga cikin rijiya, amma hakinka kana jin sa a kunne tamkar wani ne ke hura maka. Karon farko zai ba ka tsoro, za ka runtse ido ka jira zafi, sai ka ji shiru, kawai duniya ce ta juya. Daga nan tsoron ya tafi, sai mugunta ta zo.

Tashi bayan faɗuwa shi ne darasin da ya fi muhimmanci, kuma ba kowane mai haya ne ke koyarwa ba. Kada ka yi kokawar tashi kana rigingine, ƙarfinka kawai za ka ƙarar. Mirgina ka koma rub da ciki, ka kafa gwiwoyi, ka ɗaga ƙafa ɗaya, sannan ka miƙe. Ka sa kowa ya gwada sau biyu kafin a fara.

Kuskurenmu na farko lokaci ne. Ni da kaina na kama fili na awa biyu, da tsakar rana, a waje, ina ganin ai ƙwallo ce. Cikin minti shida mutum huɗu sun fito daga robarsu sun kwanta a inuwa, rigunansu sharkaf kamar an tsamo su daga ruwa. Iska ba ta ratsa robar, zafin jikinka yana nan tare da kai, ga nauyi a kafaɗa, ga faɗuwa da tashi ba iyaka. Mutumin da ke buga minti casa'in a fili ba tare da ya nemi canji ba, a nan minti biyar ya ishe shi. Mun biya awa biyu, abin da muka buga bai cika minti arba'in ba, sauran lokacin muna zaune muna kallon robobi suna gangarawa da kansu in iska ta kaɗa.

Shi ya sa yawanku ya yi mini daidai. Kada ka nemi roba goma sha huɗu. Ka nemi goma, a buga biyar da biyar, huɗu suna hutawa. Ko ma takwas, ku kasu gida uku, biyu na fili ɗaya na jira. Kowane zagaye minti biyar, a huta, a canza. Awa ɗaya ta wadatar, in kun matsa awa ɗaya da rabi. Kuma masu jira ba asara suke yi ba. Ni dai a ganina rabin daɗin wasan nan a bakin fili yake, domin na ciki bai ma san abin da ya same shi ba, na waje ne ke ganin yadda ya tashi sama.

Kada ku ƙare lokacin duka a kan ƙwallo. Bayan zagaye biyu ko uku za ka ga ba wanda ya damu da raga. Ka tambayi alƙalin wasan sauran wasanninsu. Akwai wanda ake zana da'ira, mutum biyu su shiga su yi ta karo kamar raguna har ɗaya ya fita. Akwai wanda kowa ke shiga a lokaci guda, wanda ya rage a tsaye shi ya ci. Akwai kuma wanda mutum ɗaya ke tsayawa a tsakiya, sauran su yi ƙoƙarin tsallakawa zuwa ɗaya gefen, duk wanda ya kayar ya zama abokin aikinsa. Wannan na ƙarshen ya fi kowanne tayar da ihu a wurinmu.

Yanzu maganar da ba ta dariya ba. Tafiyarmu ta biyu a rufaffen fili muka buga, kan ciyawar roba, kuma a nan ne muka samu rauni. Ma'aikacin wurin yaro ne, shi kaɗai, hankalinsa na kan waya. Ya miƙa mana robobi bai duba tsawon kowa ba, bai ja maɗaurin kowa ba. Wani dogo a cikinmu aka ba shi wadda ta yi masa kaɗan, kansa ya kusa leƙowa ta saman ramin. Da aka kife shi, ƙeyarsa ta taɓa ƙasa. Allah ya taƙaita, amma mun cire shi daga wasan nan take, aka kai shi likita ya duba shi, muka kwana muna lura da shi. Tun daga ranar nake bin kowa da ido kafin usur: kai ya nutse sosai cikin robar, a samu tazara mai kyau tsakaninsa da bakin ramin, maɗauri kuma ya kama kafaɗa tam, don in ya yi sako-sako jikinka zai zame zuwa sama lokacin da ka kife. In mutum ya bugu a kai ya ce yana jin jiri, ko tashin zuciya, ko ya rikice, wasansa ya ƙare, ko da ya rantse lafiyarsa ƙalau.

A wannan ranar dai wani ya samu targaɗe a idon sawu, don an buge shi ta baya yana tsaye bai shirya ba, ƙafarsa ta kafe jikinsa ya tafi. Robar tana kare gangar jiki, gwiwa da idon sawu kuwa suna waje ba mai tsaronsu. Saboda haka ka kafa doka tun kafin a shiga, kuma kai ka faɗe ta da bakinka, kada ka jira ma'aikaci: ba bugu ta baya, ba bugun wanda ke ƙasa ko yake ƙoƙarin tashi, ba matse mutum da bango, ba taɓa wanda ba ya cikin roba. Sannan ka raba mutane da la'akari da nauyi. Mai kilo 100 in ya taho da gudu ya haɗu da mai kilo 55, ƙaramin tashi zai yi kamar an harba shi. Abin dariya ne a bidiyo, amma shi bai ji daɗi ba. Takalmi mai ƙusoshi a bar shi a jaka, kambas ya isa. Tabarau, agogo, makulli, waya, duk a ajiye.

Dattijonku kuwa, kada ka yanke masa hukunci, ka tambaye shi a keɓe. In yana da ciwon baya, ko wuya, ko zuciya, ko an yi masa aiki kwanan nan, to ya haƙura, haka ma mai juna biyu in akwai a cikinku. Ka ba shi usur ko ka damƙa masa ɗaukar bidiyo, ka ga ya shiga wasan ta wata ƙofa. In kuma lafiyarsa lau kuma yana so, a bar shi. A tafiyarmu ta uku akwai wani yayanmu da ya haura hamsin, ya ce shi gola zai tsaya. Ya cika ragar da robarsa, bai yi gudu ba ko taku goma, kuma ba a ci shi ko ɗaya ba. Ya fito yana cewa yaran zamani ba su da dabara.

Wace rana za ku sa shi? Ba ranar isowa ba, jiki na ɗauke da gajiyar hanya. Ba kuma ranar ƙarshe ba, don washegari kafaɗu da cinyoyi za su yi tsami, zaman mota ko jirgi na sa'o'i a haka azaba ce, kuma in wani ya ji ciwo ba ku da sararin kula da shi. Rana ta biyu ita ce daidai, da safe ko da yamma in rana ta yi sanyi. Akwai wata riba a nan da ban lura da ita ba sai daga baya: ayarin da ba kowa ya san kowa ba, in suka ga juna kai ƙasa ƙafa sama a rana ta biyu, sauran kwanakin ba sauran noƙe-noƙe. Shugaban sashenmu da ba a iya yi masa wasa, tun da aka mirgina shi cikin raga ya zama ɗan hira.

Wajen nema, da Turanci bubble football ake ce masa, a Amurka kuma bubble soccer. Ka kula kada ka kama zorbing bisa kuskure, wannan daban ne, shi ne wanda aka fara a New Zealand, mutum ya shige cikin ƙwallon gaba ɗaya a gangaro da shi daga tudu. Kafin ka ba da kafin alƙalami, ka tambaye su girman robobin da suke da su, ka aika musu da tsawon wanda ya fi kowa tsawo da wanda ya fi kowa gajarta. Ka ji ko kuɗin ya haɗa da fili da alƙalin wasa, don wasu robobin kawai suke kawowa, neman fili naka ne, kuma baƙo a gari ba ya son wannan ɗawainiyar. Ka ji ko suna goge cikin robar tsakanin mutum da mutum, da abin da za a yi in ruwan sama ko iska mai ƙarfi ta hana wasa. In wurin da za ku mai sanyi ne, ka tambaya da wace irin roba aka yi su, wadda ake kira TPU ko wadda ake kira PVC, domin PVC na ƙanƙarewa a sanyi kuma ta fi wari. Yawanci za su ba kowa takardar da zai sa hannu cewa ya shiga da yardarsa. Ku karanta, kuma in kuna da inshorar tafiya, a duba ko ta ɗauki irin wannan wasan.

Kowa ya zo da rigar canji, ƙaramin tawul da ruwa fiye da yadda yake zaton zai sha. Doguwar safa ko wando mai rufe gwiwa na taimakawa a kan ciyawar roba, don tana goge fata. Kuma kada ka tsara wani abu mai buƙatar kwalliya nan da nan bayan wasan, ka bar awa biyu na wanka da miƙe ƙafa.

In ka faɗa mini ko filin da kuke dubawa rufaffe ne ko na waje, da kuma ko akwai yara a cikinku, zan turo maka yadda na raba zagayen a tafiyarmu ta uku, har yanzu takardar na cikin wayata.