Fitsarin dare da ɗigon bayan tsarki

Tambaya: Likita, shekarata 64, na fi shekara 30 a Makka. Yanzu sai in tashi fitsari sau huɗu kafin Asuba, ba ya fita da ƙarfi, kuma bayan na yi tsarki sai in ji ɗigo a wando. Na rage shan ruwa don alwalata ta kai ni daga Magariba zuwa Isha a Harami. Ko ciwon daji ne?

Amsa: Baba, Allah ya ƙara lafiya. Abin da ka kwatanta ya fi kama da girman furostat, wanda za ka ji ana kira burustata a asibitocin nan. Wani ɗan nama ne kamar ƙwayar goro a ƙasan mafitsara, hanyar fitsari ta ratsa ta tsakiyarsa. Idan shekaru suka ja sai ya ƙara girma ya matse hanyar, mafitsara ta yi ta yunƙuri amma ba ta juye fitsarin duka ba. Kusan rabin maza masu shekara 60 suna da shi. Ba daji ba ne, ba ya kuma rikiɗewa ya zama daji, sai dai ana iya samun biyun a jiki ɗaya. Ciwon suga ma yana tada mutum fitsarin dare. Don haka ka je mustausaf, wato ƙaramin asibiti, a auna fitsari da suga, a yi gwajin jinin PSA mai nuna alamar matsalar furostat, likita ya duba da yatsa ta dubura. Na san nan ne dattawanmu suke tirjewa, alhali bai kai minti ɗaya ba.

Rage ruwan nan shi ya fi tayar mini da hankali. A garin da zafi ke haura digiri 45, ƙishirwa tana sa fitsari ya yi kauri ya riƙa tsikarar mafitsara, ga tsakuwar ƙoda. Sha ruwanka da Zamzam ɗinka da safe da rana. Abin ragewa shi ne shayi da gahawa bayan Magariba, da ruwa awa 2 kafin barci.

Shi kuwa ɗigo, ragowar fitsari ce da ke maƙalewa a lanƙwasar hanya. In ka gama, dakata kaɗan, ka sa yatsu a bayan maraina ka tatso gaba a hankali sau biyu ko uku. Istibra'in da aka karantar da mu a zaure ke nan, likitoci ma shi suke koyarwa. Hukuncin alwalar mai ɗigo kuma na malamai ne.

Magani akwai. Tamsulosin yana sassauta hanyar cikin kwanaki, amma yakan kawo jiri in an miƙe da sauri, a kula wurin tasowa daga sujada. Finasteride yana rage girman, sai dai yana ɗaukar wata 6. In duk sun gaza, ana kankare naman ta hanyar fitsari ba tare da an tsaga ciki ba.

Lokacin Hajji mura kan yi yawa: kada ka sayi maganin mura ko na toshewar hanci sai ka gaya wa mai kantin magani matsalarka, domin wasunsu kan datse fitsari ɗungurungum. Ranar da fitsari ya ƙi fita mara ta kumbura, ko ka ga jini, ko zazzaɓi ya biyo baya, kada a jira gari ya waye. A kira 997, lambar motar agajin gaggawa a Saudiyya, a asibiti za a sa roba a zuƙe shi.